Farin Ƙyalle a Bakin Piracicaba

Da asuba nake jan ƙyallen,
fari fat, kamu biyu, da sanda da igiya,
ina binsa kan ciyawa
kamar mai sharar abin da ido bai gani ba.
Taku ashirin, in tsaya, in juya shi.
Ga su nan,
kamar an barbaɗa garin barkono,
sai dai wannan barkonon tafiya yake yi.

Kaska, raɓi mai jini.
A garinmu tauraruwa ake ce mata,
saboda ɗan zanen da ke bayanta.
Ni dai ban taɓa ganin sama a jikinta ba.

Can gangare kafibara na kwance cikin laka,
ɓerayen ruwa masu girman tumaki,
suna lumshe ido, ba su ci bashin kowa ba.
Kakana Anselmo ya ce a zamaninsa
damisa ce ke riƙe da lissafinsu.
Aka sare kurmi, aka dasa rake har bakin ruwa,
damisa ta yi ƙaura,
abinci ya zo musu har gado.
Yanzu duk jaririn da suka haifa sabuwar tukunya ce:
ƙwayar ta tafasa a jininsa 'yan kwanaki,
shi ko tari ba ya yi.
Kaska ta sha, ta sauka, ta sake riga,
ta hau kan tsinken ciyawa
ta ɗaga hannu biyu kamar mai tsayar da mota.

Wata Lahadi cikin Agusta, rani ya kai rani,
motar da ta tsaya mata Dirceu ne,
ɗan yayata, shekara sha tara,
silifa a ƙafa, ƙugiya a kafaɗa.
Kifi uku ya kamo. Mun ci biyu.

Laraba kai ya sara, jiki ya ɗau wuta.
Asibiti suka ce dengi ce, shekarar tata ce,
ya sha ruwa, ya kwanta.
Rana ta biyar jajayen ɗigo suka fito a wuyan hannu,
suka gangara tafi, suka sauka idon sawu.
Rana ta takwas Zuleide ta daina kiran sunansa da ƙarfi.
Maganin kuwa yana cikin kabad,
taku huɗu daga gadon,
bai kai kuɗin ƙugiyarsa ba.
Tambaya ce ba a yi ba:
ina ka je, yaro? Wace ciyawa ka ratsa?

Yau na tara ɗari uku da sha ɗaya a kwalba.
A ɗakin gwaji za su ce wataƙila ɗaya ce mai ɗauke da ita,
wataƙila babu ko ɗaya.
Ɗayar nan nake nema shekara shida.

Hukuma ta kafa allo mai hoton kaska, ƙatuwa kamar kunkuru.
Ba mai tsoron kunkuru.
Yara a kansa suke rataye riga in za su yi iyo.
Nakan kira su, in nuna musu ƙyallen,
su sunkuyo, su ce: Inna Ivonete, wannan ai ƙura ce.
In ce ku jira.
Sai ƙurar ta motsa.

Da dare, gaban madubi, da fitila,
ina duba bayan gwiwa, hammata, gindin kunne.
Kifi na ukun yana nan a firjin Zuleide.
Ba ta ce a taɓa ba,
ni ma ban tambaya ba.