Kwana Uku da Na Ƙara a Yamai

Ayarinmu ya watse ran Laraba.
Mun ga raƙuman dawa a Kure, mun ƙirga sha ɗaya,
mun sayi tulu a Bubon
wanda ya fashe tun ba mu kai Yantala ba.
Kowa ya ɗaure kaya, kowa yana kukan ƙugu.
Ni na je tasha, na ce wa mai tikiti:
mayar mini da kujerata Lahadi.
Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce jikka biyu.
Na biya.

Da dare, a masaukin Bukoki,
fanka tana juyi kamar tsohuwa mai neman allura,
na buɗe kaye, na ja layi uku da bik.

Alhamis, Gamkalle, wurin majema.
Ba don hoto ba. Hoto ya ishe ni.
Kwana tara muna leƙen mutane ta gilashin mota,
su ɗaga hannu, mu ɗaga hannu, shi ke nan zumuncin.
Jibo direba ya ce in nemi Baba Sanda,
wanda bagaruwa ta rina wa farce tun yana saurayi.
In sayi fata a hannunsa, ban da ɗan kamasho,
kuma kada in toshe hanci a gabansa.
Da la'asar in ci dambu da zogale, in sha ruwa sosai,
in je inda ake ba da jini.
Nawa irin wanda kowane jiki ke karɓa ne,
ban ga dalilin mayar da shi gida duka ba.

Juma'a, ƙetaren gada, Harobanda,
lakwal ɗin da ruwa ya ci wa bango bara.
Na rubuta alli kwali biyu, kaye ashirin,
na ji daɗin kaina ƙwarai.
Sai na kira Madam Zalika, mai riƙe da makarantar.
Ta yi dariya har waya ta yi ƙara.
Alli muna da shi, Malam.
Abin da babu shi ne mai zama da 'yan aji uku awa ɗaya,
ya ba su labari, malamarsu ta je awo.
Na soke alli.
Na zauna ina lalube cikin kaina
ko akwai sauran tatsuniyar da ban manta ƙarshenta ba.

Asabar, lambunan bakin Isa.
Matan ƙungiyar Inna Hamsu suna ban ruwa tun duku-duku.
Saƙonta gajere ne: ya zo kafin rana,
ya bar takalmin birni a ɗaki.
Salati, kabeji, albasa mai lawashi.
Ban san ko bayana zai ɗauki bokiti goma ba.
Na rubuta shida. Na goge. Na rubuta huɗu.

Yammacin Asabar ban sa komai ba.
Garin da ba ka bar wa fili ba
ba ya gaya maka sunansa na gida.

Ɗiyata Rakiya ta kira daga Madawa:
Baba, me ya rage ba ka gani ba?
Na ce ba gani ba ne, uwata.
Na ci tuwon garin nan kwana tara,
ko kwano ɗaya ban wanke ba.

Na ƙirga kuɗi a kan tabarma:
jikka sha bakwai da 'yan canji,
taksi, fata, ƙosai, sai abin da Allah ya kawo.
Wuta ta ɗauke, fanka ta haƙura da allurarta.
Da hasken waya na rubuta a tafin hannu
gaisuwar Zabarmanci da Jibo ya koya mini,
fofo, mate ni go,
don gobe in fara da bakinsu
kafin nawa.