Tuta Kafin Kaya

Ƙarfe uku na dare a Aboabo,
fanka na juya zafi kawai.
Kwana goma sha ɗaya ina farautar
abin da ba ya barin sawu.

Layi biyu na rubuta, ɗaya bisa ɗaya:
ajiye ƙunshin saƙo a gurbinsa,
sannan ɗaga tuta, ka ce ya iso.
Ko ɗan aji ɗaya ya san wanne ne gaba.

Amma injin nan ƙwaƙwalwa takwas gare shi,
kowacce da aljihunta, kowacce da gaggawarta.
Ta farko ta cusa kaya a aljihu, ta ce anjima.
Tuta ba ta da nauyi, ta riga fita.
Ta biyar ta hango ta, ta miƙa hannu,
ta kwaso ragowar jiya a gurbin,
ta aika wa duniya da sunana.

Ba wadda ta yi ƙarya.
Kowacce ta rantse a kan abin da ta gani.

Sau ɗaya cikin miliyan arba'in.
Wannan ɗayan ya faɗa kan Hajiya Sahadatu,
mai atamfa a Kejetia:
layi ya tsinke, kuɗi na rataye a iska,
mai saye ya tsallaka rumfar gaba.

In na zuba masa ido, ya natsu kamar na Allah.
In na sa fitila a hanyarsa,
nauyin fitilar ya daidaita tafiyar.
Tsohon inji bai taɓa tona mini asiri ba,
shekara shida yana rufa mini,
ina ɗauka gwaninta ce.

Mutala ya leƙo da koko a leda,
ya karanta ta bayan kafaɗata, ya yi tsaki:
"Wa ya yi maka alkawarin za su bi layi?
Ka roƙa?"

Ban roƙa ba.

Shinge ɗaya na sa tsakani,
kalma guda: kada tuta ta tashi
sai kaya sun taɓa ƙasa.
Wani a ɗaya gefen, ga mai ɗauka.

Ladan na gyara murya.
Na tuna ranar da na ce wa ƙanena na yafe,
alhali zuciya ba ta kai ga rubutawa ba.
Ya ga tuta, ya taho da fara'a,
ya tarar da abin bara.

Injin na gudu lafiya.
Wayar na hannuna, ban buga ba tukuna.