Darasin Barsu

Shekara talatin ina lakwal ta Koloma,
alli a dama, bulala a hagu.
Na aje aiki, Sahabi ya tafi Abijan,
ya bar mini kwikwiyo mai dogon ƙafa, irin na Azawak.
Barsu, sunansa.

Ranar farko ya sa baki a butar alwala.
Na ɗaga sanda.
Ya kwanta, ya saki fitsari.
Daga nan ko na kira, sai ƙarƙashin amalanke.

Tsahara ta ce, Mushe, aje sandar nan,
ga ɓallin cuku.

Zauna, na ce. Ya dube ni.
Zauna. Ya dubi cuku.
Kwana tara kafin gindinsa ya taɓa ƙasa da gangan.
Na ce madalla,
kalmar ta yi mini nauyi a baki.

Yanzu ya san tabarmar salla ba tasa ba ce.
Baƙo ya yi sallama, haushi biyu, sai shiru.
Da la'asar a bakin tabkin Babaye
awaki su gitta, ya dube ni, ya haɗiye gudunsa.
Kajin Abarshi dai, har yau muna bisa magana.

Jiya a tasha wani mai gyaran moto ya gaishe ni,
furfura a gemunsa.
Ilu ne, na layin baya, wanda lissafi ke ba kashi.
Ya miƙo hannu yana murmushi,
amma na ga kafaɗarsa ta noƙe
tun kafin in ɗaga nawa.