Minti Uku a Mita Biyar

Kakana Na'Allah na Yawuri
bai taɓa saya wa ruwa kaya ba.
Ya tuɓe riga, ya tofa addu'a, ya cika ƙirji,
ya ɓace a Kwara har mata su fara salati,
sai ya ɓullo da giwan ruwa a hammata.
"Riƙe numfashinka, yaro. Wanda ya saki, ya sha."

Ni kuwa ga ni a Seahouses, safiyar Asabar,
sanyi na cizon kunne,
an lafta mini kaya kamar jakin mai itace:
tukunyar iska a gadon baya,
ɗamarar dalma kilo goma,
rigar da ba ta barin ruwa ya gaisa da fata.
Ta hannu na saya. Wuyanta ya ɗan saki.
Hazel Dodds ta ja shi da yatsa, ba ta ce komai ba.
Araha ba ta ado;
na biya aka canza robar.

A cikin jirgi ta duba nawa, na duba nata,
maɗauri bayan maɗauri.
Tiyo biyu gare ni.
Baƙin nawa ne.
Mai ruwan ɗorawar, ta ce, ba nawa ba ne,
ajiyar wani ce, wanda tasa iskar ta ƙare.
Dokar farko kuma, ta faɗa sau uku:
kada ka riƙe numfashi.

Kaka, ka ji fa.

Ƙasa kore ne, shiru sai gurnanin kumfata.
Na matse hanci, kunne ya buɗe.
Karen teku ya zo ya ciji takalmina na agwagwa,
ya kalle ni da idon jariri,
na bi shi cikin ciyawa, na manta lissafi
har Hazel ta ƙwanƙwasa tukunyarta.
Na duba ma'auni. Allura ta gangaro saba'in.
Babban yatsa sama: mu tafi.

A nan ne aikin yake.
Haske na kira daga bisa,
jinin Sarkawa na cewa harba ƙafa, fita!
Amma jinin mai nutso kwalbar lemo ce da aka girgiza,
a hankali ake kwance murfinta.
Muka hau igiya, taƙi bayan taƙi,
ƙaramar kumfa ma ta riga mu.

Mita biyar. Tsaya.
Minti uku, ba gardama.
Cikin jirgi na lilo a kanmu kamar ƙwarya,
yatsuna sun mutu,
ruwa ya ɗan tsiyayo ta gefen gilashi.
Hazel ta haɗa yatsu biyu zobe: lafiya?
Na mayar mata da zobe.

Na ja iska. Na sake ta.
Na bi ta da kallo tana hawa, farar azurfa,
tana faɗi, tana fashewa.

Yafe mini, Na'Allah.
Na saki,
kuma ban sha ba.