Rage Murya

Na hau ƙarfen tun rana ba ta yi ƙwari ba,
kwamfuta a goye kamar jinjiri,
igiya a ƙugu, sifana a haƙora.
Daga nan sama Kware tafin hannu ce,
Rima kuwa zare ne da aka yar a fadama.
Can ƙetare, bayan gonakin albasa,
ga ɗakin shan magani mai farin kwano,
inda Haliru ke tsaye da tasa rediyon
yana jiran in ce: ka ji ni?

Ba ta karanta labarai, ba ta sa kiɗa.
Farin akushi ne mai kallon ɗan'uwansa
ta cikin mil tara na iska.

Na fara da raɗin suna: lamba huɗu, ɗigo uku.
Ashe wadda na ba tawa, ita Haliru ya ba tasa.
Takwara biyu a gida ɗaya,
a kira, kowa ya ce ba da ni ake ba.
Na sauya wutsiyar, ashirin ta zama ashirin da ɗaya.

Sai zaɓen tasha. Na buɗe mata kunne,
na tarar da kasuwa ranar cinta:
banki na ihu, makaranta na ihu,
mai gidan kallon ƙwallo ya fi kowa.
Na laluba har na sami lungu
inda ba kowa sai shiru, na shimfiɗa tabarmata.

Wajen ƙarfi ne na yi wauta.
Na murɗe shi har maƙura,
wai nisa ba ya jin magana sai da tsawa.
Saƙo goma na tura, uku suka dawo,
su ma suna ɗingishi.
Akwati ya ɗau zafi, batir na zuba kamar tulu mai huji,
ni kuma gumi na shiga mini ido.

Baba Arzika mai gadi, a gindin dogonyaro,
ya ɗaga kai: "Yaro, mi yah hwaru?"
Na faɗa masa, don dai in huce.
Ya kurɓi shayinsa, bai yi sauri ba.
"Shekara talatin ina tuƙin jirgi ga mashigin can.
Wanda ka kururuwa, ruwa na maido mai muryatai,
na ƙetare ba ya jin komi sai hayaniya.
Huskance shi daidai,
ka kirai awa yana zaune gabanka."

Na sassauta noti,
na karkata akushin faɗin yatsa ɗaya, hagu,
sai kuma rabin yatsa, ƙasa.
Ashirin da bakwai na mayar sha takwas.

Goma suka tafi.
Goma suka dawo, ba wanda ya yi tuntuɓe.

Haliru ya kira yana dariya:
Malama Luba ta riga ta tura sakamakon jinin
wata mai ciki daga Gidan Modi,
likita a birni har ya amsa.

Na sauko, tafukana duk sun yi bororo.
Koren fitila na ƙifta ido a sama,
batir zai kai asuba, har da saura.

A aljihuna wayata na nan,
da lambar ƙanena Dikko,
wanda na yi wa tsawa daren jiya
har ya kashe.
Na nemi inuwa, na zauna tukuna,
sannan na danna.