Hoton Da Ba A Karɓa Ba

A shagon Jabbo mai hoto, can Rijiyar Ɗorowa,
kusa da agogon da ya tsaya tun ban da wayo,
akwai wata mata a tsohuwar kalanda.
Watannin duk an yage, ita ta saura.
Hannu bisa hannu, ba zobe, ba awarwaro,
ko gira babu, in ka matso ka duba.
Bayanta hanya ta murɗe kamar igiyar guga,
ga gada, ga duwatsu, ga ruwa kwance,
ƙasar da ba ta yi kama da bakin Rima ba.

Ni ke sharar shagon.
In na yi dama idonta ya bi ni,
in na yi hagu ya riga ni isa.
Ran da na zari sule a aljihun tebur
ban ɗaga kai ba har la'asar.

Malam Haido na kwaleji, mai kawo wankin fim,
shi ya ba mu labarinta guntu-guntu.
Wai a Italiya aka zana ta, bisa allon katako,
shekara ɗari biyar da 'yan kai.
Wai matar wani attajirin alharini ce.
Mai zanen ya yi ta shafa launi, siriri bisa siriri,
kamar majemi yana lallashin fatar jar akuya,
har tsufa ya cim masa a wata ƙasa
bai kai wa mai ita ba.
Wai wata safiyar Litinin wani ya fice da ita
daga gidan da ake ajiyarta,
ta shekara biyu a ɓoye cikin akwati,
mutane na bin layi su kalli bangon da ta bari.

Jabbo ya yi dariya har da tari.
"Kallon gurbi! To mi sunka gani?"
Haido ya ce, "Ƙusoshi huɗu."

Dariyar ta ɗauke.
Tsohon ya jawo aljihun tebur na can ƙasa,
wanda ko ni ban taɓa buɗewa ba,
ya zaro ambulan da gara ta ɗanɗana.
Hoto ne, baƙi da fari.
Wata mata zaune bisa kujerar shagon nan,
gyale ya zame kafaɗa guda.

"Ran wata Alhamis ta zo, ita ɗai.
Ta biya rabi. Ta ce a rubuta Luwa.
Na ce ta yi murmushi,
ta yi rabi, shi ma,
kamar sauran sai ta dawo ran Asabar."

Asabar nawa ke nan? Bai ƙirga ba.
Ya dai sake wanke shi sau uku,
don inuwar gefen bakin ba ta fito masa daidai ba.

Jabbo ya rasu da damina.
Shagon yanzu cajin waya ake yi.
Ni na kwaso matan biyu cikin kwalin takalmi.

Na nuna ta wajenmu ga tsofaffin unguwa.
Inna Tumba ta ce ɗiyar marina ce, an kai ta Ƙwanni.
Ige mai fura ta ce a'a, wannan ta Wurno ce,
kuma ciki gare ta, dubi yadda ta danne labari a baki.
Wani ɗan kanti ya ce haƙori ke mata ciwo.
Ta Italiya, an ce, masana na haska ta da na'ura,
suna leƙen abin da ke ƙarƙashin fenti.
Tawa ba ta da ƙarƙashi.
Bayanta takarda ce, da rubutun Jabbo da fensir.

Jiya da aka ɗauke wuta na haska su da tocila.
Ɗaya duniya ta san fuskarta, ana ta gardamar bakinta.
Ɗaya ko sunanta ban tabbata ba.
Suka dube ni tare.
Na juya hoton Luwa, na sake karanta fensirin:
saura sule uku.