Ɗinki Goma Sha Bakwai

A ruwan Goronyo, ƙasan madatsa,
inda Rima ke sauke numfashi,
babana Arzika ya ja mamari da asuba,
ya ji nauyin da ba na kifi ba.

Kwasakwasa ce.
Fara fat, ƙugiya uku sun tsage mata jaka
tun daga leɓe har maƙogwaro,
kamar buhun da ɓera ya kwana a ciki.

Na yi tsalle na ce, Baba, yau akwai nama!
Ya dube ni, bai ce uffan ba,
ya miƙo mini bakinta, ya ce, Riƙe.

Baki ke nan!
Ya fi kamuna tsawo,
ƙasansa na buɗewa kamar homa,
ƙarni na fitowa, da ɗumi,
ido ɗaya na kallona ba ƙiftawa.

Ya zaro allura daga hula,
ya tsinko baƙin zaren da yake gyaran birgi,
ya durƙusa cikin taɓo yana ɗinki,
ina ƙirgawa a zuci.
Goma sha bakwai.

Ya ce, Mai ci da raga duk ɗan'uwana ne.
Tawa a kasuwa na saye ta, har da bashi,
ita da tata anka haife ta.
In raga ta yage, Nomau,
gida ke kwana da yunwa.

Kwana huɗu tana bayan rumbu,
tana haɗiyar karfasa ɗaya bayan ɗaya,
Inna na mita a gindin murhu,
wai kifin miya ya koma cikin baƙuwa.

Ran na biyar ta yi gudu bisa ruwa,
dagwas-dagwas, kamar mai ciwon ƙafa,
ta tashi.
Ko waiwaye.

Kada ku ce ta dawo da alheri.
Bara ta fi wannan shekarar kifi,
bashin birgi sai da munka sai da akuya.

Yanzu Baba na ƙasa,
ni ina auna albasa a Sakkwato.
Amma in na je gida ruwa ya ja,
na hango su jere a kan yashi,
sai in bar mutane da gaisuwa,
in matsa a hankali, takalmi a hannu,
ina duban wuya bayan wuya,
ko zan ga baƙin zare.